Ƙirga Goma a Rairayin Maiurno

Kogi ya janye ya bar mana rairayi,
muka shata fili da silifas takwas.
Faifan roba ne fari, bakinsa duk zazzago,
Mudassir ya taho da shi daga Khartum
a tsakanin littattafan da bai ƙarasa ba.

Ni ne mai rabo.
Gwiwar hagu ta daɗe da yi mini tawaye,
sai na kafa ta kamar turke,
ina juyi a kanta.
Dokar ma haka ta ce:
faifai a hannu, ƙafa a ƙasa.
Ka ga wasan da ya san darajar gurgu.

Mu biyu a baya, biyar sun jeru a tsakiya
tamkar layin burodi da asuba.
Dama da hagu mun bar su fayau,
gona ce da muka ƙi shukawa da gangan,
don mai gudu ya sami inda zai faɗa.

Alhadi ya tare ni, hannuwa a buɗe,
numfashinsa albasa da ful,
yana ƙirga mini kwanakina da Larabci:
wahid, itnen.
In ya kai goma ina riƙe, mun zubar.

Ƙanena Siddiƙu yana can yana ɗaga hannu,
shi kullum doguwa yake so,
a cilla sama kowa ya ɗaga kai.
Yaro bai san iskar la'asar ba.
Tana tasowa daga ruwa ba sallama,
ta karɓi faifanka ta yi Sinnar da shi.

Talata. Arba'a.
Babikir ya taka uku zuwa gare ni,
ya yi wuf ya juya, ya miƙa can ƙarshen fili.
Mutum biyu suka bi shi.
Sau tara ke nan yau yana wannan gudu,
sau tara faifai bai taɓa tafinsa ba.

Khamsa. Sitta.
Ba kowa. Gumi ya shiga idona.
Zuciya ta ce jefa, ko Allah zai sa.
Gwiwa ta ce kai dai ka san ni.

Sab'a.
Sai na ba gaba baya.
Na sauke wa Tijjani gajeruwa, taku huɗu,
irin wadda 'yan kallo ke yi wa tsaki.
Ƙirga ta mutu, ta koma wahid.
Tijjani bai bari ya ɗumama a hannunsa ba,
ya karkata shi ya ƙetare fili,
katangar da suka gina mana
ta wayi gari tana tsaron inda ba kowa.

Nan ne ƙofar da Babikir ya bari a buɗe.
Ikirima ya shige ta kamar kifi a yagaggiyar koma,
ya tashi, ya miƙe a iska tsawonsa,
ya faɗi da ƙirji, faifai a yatsu uku.

Aka ce ƙafarsa ta fita. Aka ce ba ta fita ba.
Ba mu da alƙali, ba mu da usur.
Alhadi ya je ya tsuguna kan sawun,
ya daɗe,
ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa: ta shiga, kun ci.

Suka ɗaga Ikirima sama.
Siddiƙu har da rawa, ya manta fushinsa.

Hajja Batulu mai jabana ta leƙo daga gindin gawo,
ta ce wa ya ci?
Na karɓi finjali biyu ban amsa ba.
Na ɗingisa zuwa can ƙarshen rairayi
inda Babikir ke kwance rigingine,
yana tofar da yashi, yana dariya,
hannuwansa wayam.