Murfin Tukunyar Gidanmu

Murfin tukunyar miyarmu guntun fiffike ne.
Baba ya ɗauro shi a bayan keke daga Mando,
ragowar alminiyan da aka yanke aka yar,
da huda bakwai a jere inda ƙusa za ta shiga.
Ta nan tururin kuka yake fita har yau.

Shekara ashirin da uku yana rumfar jirage.
A takardar albashi: Jatau, mataki na biyar.
Bai taɓa tashi sama ba.
Nasa dai ya auna, ya huda, ya ɗaure,
ya shafa tafin hannu a jikin ƙarfe
kamar mai laluben zazzaɓi a goshin yaro.
Shi da Dogara, mutumin Kagoro,
ɗaya ya riƙe, ɗaya ya buga,
har kunnen hagu ya mutu musu su biyun.

In na tambaye shi jirgin na wane ne,
sai ya nuna Kakuri da haɓa.
Na mai aikin dare a masaƙa ne, in ji shi,
da mai citta a Kachia, da ɗan dako a tasha.
Kwabonsu ne ya bi ta baitulmali
ya dawo ƙusa, ya dawo fenti,
ya dawo kuɗin karatun yaron da aka tura ƙetare
ya koyo yadda iska take ɗaukar nauyi.
Ba su san sun saya ba.
Shi ya sa ba na sassauta ko ɗaya.

Ranar da na farkonsu ya ɗaga,
ɗan mitsitsi, yana gunji kamar buzuzu,
an ce Baba ya cire hula bai sani ba.
Ya bi kogi, ya juya ta kan gada, ya dawo.
Manya suka sha jawabi a inuwa.
Su Baba suna bayan igiya,
Dogara yana ƙirga ƙusoshi a zuci
ko wata ta faɗo a Kawo.

Daga nan aka shiga jira.
An ce za a gina bututun gwajin iska, har an kafa fegi.
An ce injin ma nan za a ƙera shi.
Fayil ya tafi Ikko, ya dawo, ya nufi Abuja.
Gwamnati ta tuɓe kaki ta sa babbar riga,
kowace da kwamitinta.
Ciyawa ta haɗiye fegin,
gara ta fara da gefen zane.
Kuɗin bincike ruwan bazara ne:
ka ji ƙamshin ƙasa, ka fito da iri,
ya ɗauke.

Da rediyo ya ce ƙasar nan ta sami tauraron ɗan'adam
Baba yana layin fansho.
Bayan isha'i ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida
ya kwanta rigingine.
An ɗauke wuta, sama ta cika maƙil.
Na ce, wanne ne namu?
Ya ce, nemi wanda ba ya ƙiftawa, yana tafiya.
Can ya ce, a wata ƙasa aka ɗaure shi.
Ya yi shiru har na zaci barci ne.
To, ko a can, wani ya riƙe, wani ya buga.

Bai ga Uwani ta girma ba.
Yanzu ita ke karanta abin da ya yi da hannu,
tana ƙorafin ɗakin gwajinsu ba kayan aiki,
wai suna jiran kasafi.
Jiya ta tono ma'auninsa a ƙasan adaka,
ta ɗage murfin daga kan wuta da bakin zane,
ta auna tsakanin huda da huda.
Ta sake aunawa.
Ta ce, ko silin gashi babu bambanci.

Na ce, na sani.
Mayar da shi, miya tana hucewa.