Wa Ke Hawan Jakina da Dare?

Kwamfuta huɗu gare ni a shagona na unguwar Zariya,
tsofaffi, daga Kwatano suka zo cikin kwali.
Ina buga takardar neman aiki, katin suna,
da rasit ɗin masu aya.
Shafi goma jaka ɗaya. In mun saba, sha biyu.

Ba na kashe su da dare.
Ta ukun in ta kwanta, tashinta sai da lallashi.

Ran wata Talata na dafa bayanta da safe,
na ji zafi,
zafin jakin da ya kwana jigilar yashi daga gulbi.
Fanka na nishi, ni kuwa ban aza mata kaya ba.
Kuɗin layin da na biya na wata guda
ran sha ɗaya suka ce mini sai wata rana.

Kakata a Tibiri takan ce
akwai masu kama kurwar mutum yana barci,
su kai ta noma gonar da bai sani ba.
Ya farka da ciwon baya,
bai ga dame ko ɗaya ba.
Dariya muke mata.

Sai ga Alhaji Barmo, ko sallama babu,
salula a hannu, yana huci:
"Nomau, kai ka aiko mini wai na ci mota?"
Na ce ban aika ba.
Ya ce, "Ga sunanka. Na latsa, don kai ne."
Don ni ne.
Nan ƙafafuna suka yi sanyi.
Shekara tara ina tara yarda kamar mai adashi,
wani ya kwashe a dare ɗaya.

Tsahara na kira, ɗiyar mai shayin bakin titi,
wadda na koya wa riƙe linzami tana ƴar shekara goma.
Ta zauna, ta yi shiru, rubutu na gudu a idonta.

"Baba, gayya aka yi da kai," in ji ta,
"gayyar da ba gayyata, ba fura, ba na gode.
Naka huɗu, na wani a Damagaram, na wata a bayan teku,
dubu kan dubu, usur ɗaya ke tashe su.
Yau su watsa wasiƙun ƙarya,
gobe su cunkushe ƙofar wani har ta karye."

Na ce ta ina ya shigo? Kwaɗona biyu ne.

Ta nuna ɗan saƙon nan na kusurwa
mai roƙo kullum a bar shi ya yi gyara.
Shekara biyu ina ce masa gobe,
don gyara na cin kuɗin layi.
"Tsaga ce, Baba. Maginan sun gani, sun aiko da yaɓe,
kai ka hana a shafa.
Kalmar sirrinka fa?"
Na faɗi shekarar da aka haifi Sahabi.
Ba ta yi dariya ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu tana wanke su har ƙashi.
Ta toshe, ta ɗinke, ta sa mai gadi.
Ta ba ni mabuɗi mai tsawo kamar kirarin ɗan kokawa,
ta ce kowace ƙofa da nata,
kuma kyautar da ban nema ba in bar ta a hanya.

Na bi mutane talatin da ɗaya ina ba da haƙuri.
Alhaji Barmo ya karɓi gaisuwa,
rasit kuwa yanzu a Mokoyo yake bugawa.

Bayan isha'i nakan kashe su ɗaya bayan ɗaya,
har ta ukun mai nawa.
In dafa baya, in ji sanyi, in ja ƙofa.

Amma a kan kabu-kabu, hanyar gida,
nakan ga wata taga da shuɗin haske, ba kowa ciki,
in ce a raina: ko jakin wa ke kan hanya yanzu?
Mai usur dai bai san Maraɗi ba.
Bai san sunana ba ma,
shi da ya sa hannu da shi sau dubu.