Kekuna Uku a Shagon Achiel

Kekena ya mutu ranar Talata
a kan gadar kogin Schelde.
Ƙashin bayansa ya tsage kamar busasshen kara.
Shekara goma sha tara yana kai ni asibiti aikin dare,
ban taɓa ce masa sannu ba.

Na tura shi har shagon Achiel,
tsohon da baƙin mai ya zauna a zanen tafinsa
ya ƙi fita ko ranar Lahadi.
Ya duba, ya tsotsi haƙori:
"Griet, wannan kam sai dai haƙuri."
Sai ya sauko mini da uku daga ƙugiya.

Na farko ɗan kwalta ne, siriri,
tayarsa ba ta kai babban yatsana kauri ba.
Na ɗaga shi da hannu ɗaya, na ji kamar na ɗauki alkawarin yaro.
"In hanya ta yi sumul," in ji Achiel,
"sai dai a hangi ƙeyarki."
Na tuna duwatsun da aka jera a layinmu tun kakan kakana,
masu kaɗa haƙora,
masu santsin sabulu in an yi yayyafi,
kuma a Oudenaarde yaushe ne ba a yayyafi?

Na biyu ɗan taɓo ne, tayarsa duk ƙuraje,
irin wanda samari ke saɓawa a kafaɗa
a tseren hunturu, cikin gonar da ta zama kunu,
jama'a na ihu, kofin giya na zuba a takalma.
Ƙanena Wannes ya yi wannan haukar shekara shida,
ya tsira da lambar tagulla ɗaya
da kafaɗar da ke gaya masa za a yi ruwa.
Keken na da zafin kai, ka taɓa shi kaɗan ya zabura.
An ƙera shi don wahalar awa guda,
ni kuwa tawa ta kullum ce.
Na nemi inda zan ɗaura kariya.
Ko huda babu.

Na uku bai yi mini kwalliya ba.
Ɗan tsakuwa, taya mai faɗi, launin ƙasa,
ya fi su nauyi, ya fi su sanyin hali,
jikinsa duk ƙananan ramuka
na ɗaura jaka, da fitila, da marfin tare taɓo.
Kuɗinsa ya sa na zauna a kan akwati.

Achiel bai yi talla ba.
Ya ce, "Faɗa mini hanyarki."
Na ce, kwalta kilomita huɗu,
sai duwatsu, sai gefen kogi inda tsakuwa ke ƙara,
sai wurin da taraktocin dankali
ke barin rabin gona a kan titi duk Nuwamba.
Da safe kuma in biyo ta a juye,
ƙafafu sun kwana tsaye,
burodi a jaka, barci a ido.
Ya ɗaga kafaɗa, ya koma kan sarƙar da yake wankewa.

Na ɗauki na ukun, biya sau shida.
Amma kada in yi ƙarya:
sau biyu na waiwayi siririn.
Akwai wata Griet a cikina
da ba ta ɗaukar burodi,
wadda ke son iska ta yage mata hawaye a gangaren Koppenberg.
Na ce mata ta jira fansho.

Kafin in fita na roƙi abu ɗaya.
Ya kwance ƙararrawar tsohon, mai tsatsa,
ya ɗaura wa sabon.
Ba su dace ba ko kaɗan.

Yau da asuba, a gefen kogi,
wani zalɓe ya tsaya tsakiyar hanya.
Na kaɗa masa.
Muryar dai ita ce, a dishe,
kuma kamar kullum
bai matsa ba.