Ruwan da Ba a Sha

Iskar hadari ta taso daga gabas,
ta kaɗa dogon yaro a ƙofar gidanmu, nan Bagalam,
sai gwiwata ta ɗau rawa
kamar an kwance ƙasa daga turkenta.
Tsahara na kira: Nomau, kwashe shanya!
Ni kuwa na riga na yi nisa,
ƙafa a Maraɗi, ciki a bakin Lome.

A tafkin Madarunfa na koyi su,
ruwa mai kunya, wanda ya san ubanka,
in ka faɗa, tafin ƙafa ya gaisa da laka.
Shekarar da gero ya ƙi ido
na hau bayan motar albasa,
kwana uku ina warin kaya,
har ƙasa ta ƙare.
Ban taɓa sanin ƙasa na ƙarewa ba.

Kwajo mai jirgi ba ya jin Hausa,
ni ma nasa yaren ruwa ne a kunnena.
Ya dubi damtsena, ya miƙo mini rabin jarka.
Aikina ke nan: teku ta zuba, in mayar mata.
Mu biyar cikin ƙwaryar itace
da igiyar rijiyarmu ta fi ta tsawo.

Ran nan gari ya waye da ɗaurarriyar fuska.
Kafin hantsi iska ta sauya baki,
ruwa ya miƙe tsaye kamar katangar masallacin Juma'a,
ya rushe a kanmu, ya sāke ginuwa.
Inji ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Gishiri a ido, gishiri a tsagar leɓe,
na amayar da kokon jiya da na shekaranjiya.
Na nemi alƙibla na rasa,
sai na watsa salati ta kowace kusurwa,
wanda ya isa ya isa.

A nan ne, a tsakiyar wannan hauka,
igiyar fatsata ta yi nauyi.
Wani abu a ƙasa ya ja, na ja.
Na ga bayansa sau ɗaya, shuɗi kamar turmin Kura,
ya fi ɗan maraƙi.
Wallahi, mutuwa na gefena a zaune,
ni ina lissafi:
buhun gero biyu, kwanon rufi, zanen Tsahara,
da canjin da zan watsa wa yaran unguwa.
Jirgi ya kwanta a haƙarƙarinsa.
Igiya ta ci tafin hannuna har fari ya fito.
Kwajo na ihu, ban ji ba,
ko na ji na ƙi.
Sai ya rarrafo da wuƙa a haƙori,
ya yanke.

Jirgi ya tashi zaune.
Gerona ya nutse.

Shi ya sa nake numfashi yau, na sani,
amma har gobe ban gama yafe masa ba.

Da na dawo, tsarabata kwalba ɗaya ce,
ruwan teku, don Inna ta gani da idonta.
Ta ɗanɗana, ta tofar, ta goge baki da gefen zane:
Wane marar tsoron Allah ya ɓata ruwa haka?
Kuma kuka ce yana da yawa?
Na ce, Inna, ya fi Madarunfa sau dubu.
Ta ce, asara sau dubu.

Yanzu tumatir nake ba ruwa a cikin gulbi,
inda rairayi ke kwana wata tara ba ya motsi.
Ba ya jefar da kowa.
Wani lokaci shirunsa kan dame ni.

Nomau! Shanya!
Ga ɗigon farko ya faɗo mini a tabon hannu.
Na lasa.
Babu gishiri.