Kyandir Ɗaya a Valparaíso

An gina gidan katako a tsakiyar zauren makaranta,
ɗaki huɗu, ba rufi, ba kowa ciki.
A lungu na uku alƙali ya kunna kyandir.

Mutum-mutumin Ximena, bai fi butar shayi ba,
ya tashi taya na rawa,
ya yi karo da bango, ya ja baya kamar mai neman gafara.
Zaure ya ɗauki dariya.

Ita kam ko murmushi.
Bara, a tudun da ke bayan tagar nan,
gobara ta lashe gidan kakarta
har da keken ɗinki.

Daƙiƙa casa'in.
'Yar fanka ta hura,
zaren hayaƙi ya miƙe.

Ta bakwai ta zo.
Kakar ta roƙi alƙali guntun kyandir ɗin,
ta jefa a jaka tun da ɗuminsa.