Ta Bakwai

Shekara ashirin da shida ina maɗaba'ar jami'a,
can ƙasan bene, inda taga ke kallon ƙafafun masu wucewa.
Valparaíso na bisa kaina, tudu a kan tudu.
Teku ba na ganinta, sai dai danshin gishirinta
da ke shiga takarda ya lanƙwasa mata baki.

Ondina sunana. Ni ke ɗinke kundin kwasa-kwasai
duk watan Fabrairu, kafin ɗalibai su dawo hutu.
Na san shi kamar yunwar cikina:
Falsafa a shafi na tara, Adabi a na sha huɗu,
Tarihi kan cinye shafi shida, shi dama bai iya gajeren zance ba.
Sai Ilimin Zamantakewa, sai Siyasa,
can baya kuma, jikin bango, Akanta da Kasuwanci,
kamar baƙin da suka iso biki bayan an kwashe kwanuka.

Ashe kundi ma yana rama, yana ƙiba.
Wata shekara aka ce in cire Latin. Na cire.
Girkanci ya bi bayansa, ko sallama babu.
Baƙin baya suka matso gaba, suka hayayyafa:
Dabarun Talla na Ɗaya, Dabarun Talla na Biyu,
Harkar Banki, Sarrafa Kaya a Tashar Jiragen Ruwa.
Ban ƙi su ba.
Akanta ɗana Eleuterio ya karanta,
da kuɗinta ya sake min rufin da ke yoyo.

Bana, wata Talata, Farfesa Casimira Ulloa ta sauko,
matakala ashirin da biyu da gwiwarta mai ciwo,
ta ce in buɗe mata shafi na sha tara.
Ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya:
Tarihin 'Yan Dako da Masunta na Wannan Gaɓa.
Ta ce doka ce, sai da mutum bakwai kwas ke rayuwa.
Shida gare ta. Juma'a za a rufe rajista.
Ba ta roƙe ni komai ba,
ta zo ne ta ga sunan a rubuce tun kafin in cire shi.

Mahaifina ɗan dako ne.
Kafaɗarsa ta hagu ta fi ta dama saukowa,
har a cikin akwatin gawa sai da aka tokare ta da tsumma.
Ban taɓa sanin akwai ajin da ake zancen wannan ba,
alhali da hannuna na ɗinke shi kowace shekara.

Daren nan, cikin tsohon akwatin ƙarfe mai hawa tudu,
na tuna shafi na uku, ƙananan baƙaƙen ƙasa:
ma'aikaci na da damar kwas ɗaya kyauta a zango.
Sau ashirin da shida na buga wannan layin.
Ko sau ɗaya ban zaci da ni yake ba.

Ran Alhamis na hau ofishin rajista.
Yaron ya ce, "Wace tsangaya?"
Na ce, "Ƙasan bene."
Ya yi dariya, ya duba fuskata, ya haɗiye sauran,
ya tambayi yadda ake rubuta sunan mahaifina.

Litinin, hawa na uku, aji mai lamba huɗu.
Ashe daga nan ana ganin teku, har da jiragen da ke jiran layi.
Yara shida suka matsa min wuri,
na ɓoye farcena mai tawada ƙarƙashin tebur.
Farfesa ta jingine sandarta, ba ta ko buɗe littafi ba,
ta ce, "Wa ya san nauyin buhun alkama
a zamanin da ake ɗaukarsa a kafaɗa?"
Aji ya yi tsit.
Na fito da hannun.
Na ce, "Kilo tamanin.
In ruwa ya taɓa shi, ya fi."