Me Kika Ci Jiya?

Ran Talata ta zo, Kaneng 'yar asibiti,
da sikeli a kwali, da tef irin na tela,
da takarda mai gida-gida.
Muka jeru a ofishin hedimasta,
mu masu kiran suna, yau namu ake kira.

Na tuɓe takalmi na hau.
Allura ta yi rawa, ta tsaya a hamsin da biyu.
Ta zagaye ƙuguna, ta rubuta.
Ta ɗaure min dantse ta hura iska,
ta dube ni, ta sake hurawa.

"Malama Uwani, me kika ci jiya?"

Ruwan bunu da safe, a tsaye, ina neman makulli.
Sha ɗaya, awara uku a bakin ƙofa,
ɗaya na ba Sagiru, mai kifa kai a benci.
Ta ce wannan ba shi da gida a takardarta.
Da dare gwate,
bayan yara sun suɗe hannu.

"Ganye fa? Ƙwai? Sau nawa a mako?"

Kullum ina ratsa Farar Gada a keke,
kabeji tsibi-tsibi, karas har ƙasa,
motoci na lodi za su kudu.
Ni ce mai zana su a allo,
baki saba'in na maimaitawa.
Na iya koyar da ƙwai.
Sayensa ne sai ƙarshen wata,
in watan ya ga dama.

Malam Gyang ya haura casa'in, muka kwashe da dariya.
Da aka soki yatsarsa, dariya ta ɗauke.
Shekara goma sha tara yana kora burodi da lemon kwalba,
sukari ya yi gida a jininsa ba sallama.

Ba ta auna muryar da ke dushe min kafin azahar ba,
ko jirin da ke ɗibata in na juyo daga allo
har in dafa tebur, in ce alli nake nema.

Tana naɗe tef ta ce, ba ta ɗago ba,
"Ke kika koya min rukunin abinci, a aji huɗu."
Ta ajiye ayaba biyu a kan rajista.

Aka kaɗa ƙararrawa.
Sagiru na benci na uku, kai a kife.
Na ci ɗaya.
Kaneng, rubuta, wallahi na ci ɗaya.